Yadda Za a Kalli Finafinan Djibril Diop Mambéty

Mai son fahimtar wannan darakta ɗan Senegal, wanda ya rasu a 1998, sai ya fara da fim ɗinsa Hyènes na 1992, domin labarinsa a miƙe yake: attajira ta dawo garinsu tana tayin dukiya a bakin ran mutumin da ya yaudare ta. Daga nan sai Touki Bouki na 1973, inda wani saurayi mai suna Mory ke yawo bisa babur mai ƙahonin bijimi, shi da budurwarsa hankalinsu yana Faransa. A nan kada a nace wa jerin labari, a lura da yadda daraktan yake gwama kukan shanu a mayanka da rayuwar masoya. Yawancin maganar da harshen Wolof ake yi, saboda haka mai kallo a Garwa ko Marwa ya nemi kwafi mai fassarar Faransanci.