Yadda na gyara matsalar ramuka a walda lokacin damina

Da ruwan Agusta ya sauka sosai, sai waldar da nake yi da sandar walda mai lamba 7018 ta fara fitar da ƙananan ramuka kamar gidan zuma, wuta tana tartsatsi, sanda tana liƙewa. Na ƙara wuta, na rage, babu canji.

Ashe danshi ne. Ɓawon da ke jikin 7018 yana shan laimar iska da sauri idan an bar kwali a buɗe. Wuta na kamawa, ruwan da ɓawon ya sha ya saki iskar haidurojin cikin narkakken ƙarfe, ramuka su fito, wani lokaci har tsagewa bayan ya huce.

Na gasa sandunan a tanda, digiri 350 na ma'aunin Celsius, awa biyu, sannan na riƙa ajiye su a wajen digiri 120, ina ɗebo kaɗan kaɗan. Ƙarfen ma sai na goge tsatsa, na ɗan ɗumama shi kafin in fara.

Dabarar ajiye sanduna a tsohon firji da ƙwan fitila a kunne a ciki don kada su sha danshi tana yi wa sanda mai lamba 6013, amma ba ta isa 7018 ba. Ita kuwa sanda mai lamba 6010 kada a gasa ta, ɓawonta yana buƙatar ɗan danshi.