Babi na 6: Allon shuka, yadda ake rubuta shi, a wanke, a sake amfani da shi

Darasi na 1: Yanka allo

Bara wata baiwar Allah daga cikin ɗalibanmu, mai garka a bakin Gulbin Maradi, ta zuba irin tattasai da na attaruhu a fangali biyu da ke dab da juna. Da suka tsiro, ganyensu iri ɗaya. Ta manta wanne ne wanne, ta dasa su a cakuɗe, sai da suka fara ƴaƴa ta gane. Da akwai ɗan allo kafe a bakin kowane fangali da ba ta sha wannan wahalar ba.

Allon shuka ɗan guntun roba ne da ake rubuta sunan iri da ranar da aka zuba shi. Kamar allon makaranta yake: a rubuta, a wanke, a sake rubutawa. Ba sai kun je kasuwa ba. Ku nemi tsohuwar jarka ko bokitin roba da ya fashe, fari ya fi. Ku yanka tsawon taƙi ɗaya, faɗin yatsu biyu. Ku fiƙe baki ɗaya, shi ne zai shiga ƙasa. Sannan ku goge fuskar robar da yashi har santsinta ya tafi, don in da santsi fensir ba ya kamawa. Kada ku yi da kara ko icce, gara za ta cinye. Kwali kuma ban ruwa biyu ya jiƙe ya lalace.

Darasi na 2: Rubutu

Ku ɗauki fensir. Na san biro da maka sun fi kyan gani ranar farko, amma ranar Maradi, wadda ke kai digiri 40 a watan Afrilu, tana cinye tawada har allo ya koma fari fat. Rubutun fensir rana ba ta kashe shi.

Ku riƙe allo, tsinin yana kallon hannun dama. Ku fara rubutu daga hagu, wato daga ɓangaren da ba shi da tsini. In kuka fara daga wajen tsini, rabin sunan zai shige ƙasa. Ku yi manyan baƙaƙe, ɗaya bayan ɗaya:

TUMATIR
ALBASA
SALATI
KUƁEWA

Ku lura da Ɓ ta kuɓewa, tana da ƙugiya a kai. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ya zana tumatir ko albasa kusa da sunan. Babu kunya a ciki, kowa da haka ya fara.

Yanzu ga wurin da kuka fi tuntuɓe: kwanan wata. A ƙarƙashin suna ake sa shi, lamba uku a jere. Rana da farko, sai wata, sai shekara. Wanda ya zuba iri ran 5 ga Nuwamba 2025 zai rubuta:

5 / 11 / 2025

Lamba 5 ita ce rana. Lamba 11 shi ne wata, don Nuwamba shi ne na 11 a jerin watanni. Lamba 2025 shekara. Ku faɗa da baki: rana, wata, shekara. Ku sake faɗa. Rana, wata, shekara.

In kuka juya, kuka rubuta 11 / 5, mai karantawa zai ce ran 11 ga Mayu kuka shuka, alhali a Mayu ana shirin damina ne. Ku gwada wannan a ƙasa da tsinke kafin ku taɓa allo: ran 20 ga Oktoba. Rana nawa? 20. Oktoba wata na nawa? Ku ƙirga da yatsu daga Janairu. Na 10. To, 20 / 10, sai shekara. Madalla. Wanda ya kuskure ya share da tafin hannu ya sake, ba komai.

Me ya sa nake nanata wannan? Tumatir yana yin kamar sati 4 a fangalin reno kafin dashe, albasa kuwa sai ta yi sati 6 zuwa 8. In babu kwanan wata, da ka za ku yi lissafi, kai kuma yana mantuwa. Tumatir ya wuce lokaci ya yi tsawo ya rame, a dasa shi ya daɗe bai farfaɗo ba.

Kuma a rubuta tun kafin a zuba iri, hannu a bushe. Ba na son in ƙara jin "Malama, zan rubuta in na koma gida." Sau nawa na zagaya garake na tarar da allo da suna tsaf, wurin kwanan wata fayau? Baba, inna, ku manya ne, ba yara nake koya wa ba, amma gaskiya wannan sakaci ne. Allo marar kwanan wata rabin aiki ne. Rana, wata, shekara, sannan a kafa shi a bakin fangali, rubutun yana kallon hanyar da kuke bi wajen ban ruwa.

Darasi na 3: Wankewa

Bayan girbi ku tsince allunan duka, kada a bar su cikin ƙasa. Ku wanke laka da ruwa da sabulu. Rubutun fensir yana fita da toka da ɗan tsumma. In maka aka yi amfani da shi, sai an dirje da yashi.

Ƙasar da ta manne wa allo tana iya ɗauko cuta daga tsohon fangali zuwa sabo. Ku zuba ruwan javel (ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta da ake wanke fararen kaya da shi) kofi 1 cikin ruwa kofi 9, ku jiƙa allunan minti 10, ku ɗauraye, ku shanya. Kada ku haɗa javel da wani magani, kuma a ajiye shi inda yara ba za su kai ba.

Darasi na 4: Ajiya

Ku ɗaure su da zare ku sa a gwangwani cikin inuwa, tare da fensir. Wanda ya tsage a yar.

Aikin gida: kowa ya zo da allo 3, da suna da kwanan wata.