Kafin ka sayi RAM ta desktof, duba kurakuran nan

Satin da ya wuce wani yaro ya shigo shago nan Gusau da RAM (ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a ciki) sabuwa dal cikin kwalinta, wai ya sa an aiko mashi daga Kano ta mota, DDR4 ce mai giga 16, kwamfutar tashi kuma Dell OptiPlex 7010 ce tokumbo wadda DDR3 kawai take ci. Ya yi ta dannawa da ƙarfi har ya kusa karya ramin. Wannan shi ne kuskure na farko kuma shi ya fi cin kuɗin mutane. DDR3 da DDR4 da DDR5 ba su shiga ramin juna, ɗan tsagin da ke ƙasansu ba wuri ɗaya yake ba. Kafin ka tura ko sisi sauke manhajar CPU-Z, kyauta ce, ta gaya maka irin wadda bod ɗinka (babban allon cikin kwamfuta da ake dasa RAM a kai) ke ɗauka. Kuma ta laftof gajera ce, ba ta desktof ba ce, ka faɗa ma mai shago tun farko.

Na biyu, sayen guda ɗaya babba. In giga 16 kake so, gara 8 biyu iri ɗaya da 16 tilo, don su biyun tare suke aiki ta hanya biyu, musamman in ba ka da katin girafik daban irin masu furosesar Ryzen ɗin nan, bambancin a fili yake wallahi. In ramuka huɗu ne galibi na 2 da na 4 ake sawa in ka ƙirga daga wajen furosesa, ba kusa da juna ba.

Sai zancen gudu, nan ne ake yi ma samari wayo. Za ka ga an rubuta 3600 ga kwali da fitilu masu launi kamar motar biki, ka ƙara kuɗi, ka kawo gida ta tsaya 2133 ko 2400 saboda ba ka shiga BIOS (saitin da ake shiga lokacin da kwamfuta ke tashi) ka kunna XMP ba, wato saitin da ke sa RAM ta yi gudun da aka rubuta ga kwali (EXPO ake ce ma na AMD a DDR5). To wannan ma mai sauƙi ne, kunnawa kawai za ka yi. Amma irin Dell da HP na ofis da muke saye, yawancinsu ba su da XMP ɗin ma sam, kenan kuɗin gudun nan ka zubar ne. Ni dai ga DDR4, 3200 mai CL16 (lambar jinkirinta kenan) ta isa kowa, fitila kuwa ba ta ƙara komai.

Ka yi hattara da mai arha sosai da aka rubuta ECC Registered ko ka ga R bayan lambar, ta saba ce (server, manyan kwamfutocin kamfanoni), desktof ɗin gida ba zai tashi da ita ba. Haɗa tsohuwa da sabuwa kuma yana yi wani lokaci, sai dai duka su koma gudun mai rarrafen.

In ka sayi tokumbo kar ka bar shagon sai an sa ta gabanka, ka buɗe Task Manager na Windows ka ga gigan ya cika, a gida ka bar MemTest86, manhajar gwada lafiyar RAM, ta yi aiki in da wuta. In kuma kwamfuta ta ƙi nuna hoto lokacin hunturu, cire filogi, zare RAM ɗin ka goge haƙoran da kilina ta fensir ka maida har ka ji ƙas, sau da yawa ƙura ce kawai.