Yadda Ake Gano Haɗe-haɗen da Suka Ƙunshi Wani Yanki a Manhajar CAD (Manhajar Zanen Injuna a Kwamfuta)

Matasanmu da ke zanen injuna a warshoshin unguwar masana'antu ta Jidda, ko a Dammam da Jubail, sukan karɓi umarni irin wannan daga muhandis: a faɗaɗa ramukan wani farantin ƙarfe daga milimita 10 zuwa 12. Gyaran ba ya cin minti biyar, amma idan farantin nan yana cikin mazaunin famfo, kuma yana cikin wasu injuna uku da aka riga aka miƙa wa masu su, to gyaran zai bi zanensu duka ba tare da sallama ba. Saboda haka, kafin a taɓa yanki, wajibi ne a san duk haɗin da ya ɗauke shi, wato duk zanen da ya tattara shi da wasu yankuna.

Fayil ɗin haɗi, wato mai ƙarshen sldasm a manhajar SolidWorks ko iam a manhajar Inventor, ba ya ajiye yankuna a cikinsa. Suna da adireshin kowane yanki kawai yake riƙewa, ya kira shi lokacin da aka buɗe. Shi kuwa fayil ɗin yanki ba ya rubuta sunan waɗanda suka kira shi. Mai miya ta san abin da ta zuba, amma gishiri bai san tukunya nawa ya shiga ba. Shi ya sa Find References na SolidWorks ba ya amsa wannan tambaya, domin abin da haɗi ya ƙunsa yake nunawa. Hanya biyu ce ta rage: ko manhaja ta bi foldoji tana leƙa kowane haɗi, ko a tambayi rumbun bayanan da ya riga ya rubuta dangantakar.

A Inventor, a buɗe Design Assistant, a ɗora yankin, a shiga Tools, sannan Find, a zaɓi Where Used, wato inda aka yi amfani da shi. Za a nemi wuraren da za a bincika, kuma a nan ne ake yawan tuntuɓe, domin manhajar ba ta duba ko'ina sai inda aka nuna mata. A saka babbar foldar ayyuka da ke kan sabar ofis, wato kwamfutar da ke ajiye fayilolin kowa, a tabbatar an haɗa da ƙananan foldojin da ke ƙarƙashinta. Idan fayiloli sun kai dubbai binciken yakan ɗauki lokaci, gara a sake shi a tafi sallar Azahar.

A SolidWorks, tsohuwar manhajar SolidWorks Explorer ce ke da shafin Where Used, amma daga fitowar 2020 an maye gurbinta da File Utilities, wadda ke bayyana idan aka danna fayil da maɓallin dama na linzami. Da farko a shiga File Locations a jera foldojin da za a bincika. Daga nan a zaɓi Rename a kan yankin: tagar da za ta buɗe tana lissafa haɗe-haɗe da takardun zanen da ke kiransa. A kwafe jerin, a danna Cancel, kada a sauya sunan. Dabara ce ta zagaye, amma tana biyan buƙata.

Inda kamfani ke da SolidWorks PDM ko Autodesk Vault, wato manhajojin da ke adana fayilolin zane a rumbu ɗaya, aikin ya fi sauƙi ƙwarai, domin dangantakar tana rubuce a rumbun SQL Server, kuma shafin Where Used yana kawo amsa nan take. Sai dai a PDM a kula da zubin da aka zaɓa, wato version na fayil ɗin: idan yankin ya kai zubi na biyar, haɗin da har yanzu yake riƙe da na uku zai iya ɓoyewa, sai an nemi a nuna dukkan zubi. Haka nan haɗin da abokin aiki yake gyarawa a kwamfutarsa, bai mayar da shi rumbu ba tukuna, shi ma zai iya ɓoyewa. A manhajar Fusion kuwa, bayanin fayil yana da sashen Used In.

Samun jerin farko ba shi ne ƙarshe ba. Farantin yana iya kasancewa cikin ƙaramin haɗi, shi kuma ƙaramin yana cikin babban inji, don haka a maimaita binciken a kan kowane haɗin da ya fito har a kai wanda ba ya cikin kowa. A duba takardun zane su ma, domin su ne ke zuwa hannun mai yanka da mai walda.

Abin da ya fi ɓata sakamako a ƙananan warshoshi, a ganina, shi ne fayiloli biyu masu suna ɗaya, ɗaya a saba, ɗaya a filashin wani. SolidWorks yana fara ɗaukar fayil ɗin da yake buɗe a lokacin idan sunan ya yi daidai, ko da ba shi aka nufa ba, saboda haka a rufe komai kafin a fara tantancewa. Fayil ɗin da aka aika wa ɗan kwangila a sigar STEP kuwa, wadda ake musayar zane da ita tsakanin manhajoji, ya yanke alaƙa da asalinsa, babu binciken da zai gano shi sai littafin aike.

Idan jerin ya nuna cewa wasu injunan ba sa buƙatar gyaran, kada a taɓa fayil ɗin asali. A kwafe shi da sabuwar lamba, a faɗaɗa ramukan a kwafin, sannan a yi amfani da Replace Components a musanya shi a haɗin da muhandis ya ambata kaɗai.