Yadda Za Ka Tattara Tarihin Garinku Ko Unguwarku Tun Dattawa Na Raye

Tarihin sarakunan Zazzau ba ya cikin haɗarin ɓacewa. An rubuta labarin Bakwa Turunku da Sarauniya Amina, an rubuta yadda Malam Musa ya shigo da tutar Shehu har Sarki Makau ya fice ya nufi Zuba, kuma ko yaron makaranta zai lissafo maka gidajen sarauta huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Wanda ke salwanta kullum shi ne na talakawa. Wa ya haƙa rijiyar da ke bakin masallacinku? Me ya tashi kasuwar ƙauyenku daga inda take a da? Yaushe aka daina rini a karofin nan da yanzu ake zuba shara? Amsoshin suna bakin mutanen da ba za su daɗe tare da mu ba. Aikin kuwa ba sai mai digiri ba. Waya mai ɗaukar murya, littafin rubutu da haƙuri sun isa a fara.

Ka ƙuntata fili

Kada ka ce tarihin Zariya za ka rubuta, za ka gaji tun ba ka kai Ƙofar Doka ba. Ɗauki unguwa ɗaya, kamar Kwarbai ko Kusfa ko Limancin Kona, ko gari ɗaya irin Likoro, Hunƙuyi, Basawa ko Dakace. In ka so ma ka tsaya kan sana'a ɗaya, misali masu ɗinkin hannu na manyan riguna. Sai ka zaga wurin da ƙafa, ka zana taswirarsa a takarda: masallatai, rijiyoyi, maƙabarta, tsofaffin rimaye, kududdufai, gidajen da ake kira da sunan sana'a. Wannan taswira za ta riƙa jawo maka tambayoyi.

Ka shiga ta ƙofa

Fara da mai unguwa ko dagaci, sannan liman. Ka faɗi ɗan gidan wa kake, ka kuma bayyana tun farko cewa ba gwamnati ta aiko ka ba, ba rabon tallafi ba ne, ba kuma shari'ar gona kake tara wa hujja ba. Mutanenmu in suka ga baƙo da biro da takarda, ɗayan ukun nan suke zato. Ka riƙe goro, amma kada ka fara biyan kuɗi don a yi magana. Wanda aka biya yakan ƙara wa labari gishiri don kada a ce bai ci kuɗinsa ba.

Wa za ka fara gani?

Wanda ya fi tsufa, ko wanda jiki ya fara ƙi. Sauran za su jira.

Za a yi ta tura ka wajen masu rawani da manyan malamai. Ka je, amma kada ka tsaya nan. Wanzami ya san wanda aka yi wa aski a kowane gida da irin zanen da gidan ke yi. Maroƙi ya haddace salsalar gidaje cikin kirari, ko da yake shi yabo ne sana'arsa, sai ka tace. Mahauci ya san tarihin kasuwa fiye da kowa. In a Sabon Gari kake aiki, akwai jikokin Yarbawa da Ibo da Nufawa waɗanda kakanninsu suka biyo layin dogo bayan ya iso Zariya a wajajen 1911, kuma tarihin wurin bai cika ba sai da bakinsu. Haka mutanen Wusasa, tsohon mazaunin 'yan mishan.

Mata kuwa su ne rumbun da aka fi mantawa. Ungozoma da tsohuwar da ta aurar da 'ya'yan unguwa kaf sun san wa ya auri wa, wane gida ya rabu da wane, wace shekara ƙyanda ta kwashe yara. A ƙasar Zazzau ɗin nan wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya a 1949 zuwa 1950 tana rubuta labarin rayuwarta, littafin ya fito a 1954 da sunan Baba of Karo, har yau masana na dogaro da shi. In kai namiji ne, ka nemi ƙanwarka ko matarka ta shiga cikin gida ta yi wannan ɓangare. Hirar da tsohuwa za ta yi da 'yar'uwarta mace a tsakar gida, ba za ta yi ta da kai a zaure ba.

Zaman hira

Da hantsi ko bayan la'asar ya fi, kafin gajiya ko kiran salla ya katse ku. Rufe layin wayar don kada kira ya yanke ɗaukar, ka ajiye ta kan tabarma kusa da mai magana, nesa da janareta da injin niƙa. Da ka kunna, fara faɗin kwanan wata da wuri da sunan wanda kuke tare, sannan ka nemi izininsa a cikin ɗaukar.

Babban kuskure shi ne ka ce, "Baba, a ba mu tarihin garin nan." Zai ba ka haddar da kowa ke bayarwa: kakanninmu daga Gabas suka zo, wani maharbi ya sauka gindin tsamiya. Ka ɗauka, amma naman yana gaba. Tambaye shi abin da idonsa ya gani.

"Baba, da kuna yara, ina kuke ɗibar ruwa?"

"Allah gafarta Malam, wa ya fara biya maka allo, a wane zaure?"

"Iya, ranar da aka kawo ki gidan nan, a kan me aka ɗauko ki?"

In ya yi shiru, kada ka cike masa gurbi. Tunani yake yi, kuma abin da ke biyo bayan shirun ya fi wanda ya gabace shi.

Sai maganar shekaru. Dattijo ba zai ce maka 1958 ba, zai ce "zamanin Ja'afaru". To, ka riƙe ma'aunai a kanka. Sarki Ja'afaru ya rasu a 1959, Muhammadu Aminu ya yi daga nan zuwa 1975, Shehu Idris daga 1975 zuwa 2020. Zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna 1956 ne, kisan Sardauna Janairun 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, canjin hannu a tuƙi 1972, shigowar naira da kwabo 1973. Sai ka tambaya, "Lokacin da aka gina makarantar, ana kashe sule ne ko an koma naira?" Nan take ka kusa da shekarar.

Ka tashi tun bai gaji ba, ka sake dawowa. Zama na biyu yakan fi na farko albarka, don ya kwana yana tuno abubuwa.

Ka rubuta yadda aka faɗa

Kada ka bari murya ta taru maka. Saurara ka rubuta tun abin yana sabo a kanka. Kuma kada ka yi wa mutum gyaran harshe: in da Zazzaganci ya yi magana, ya ce "rigan" inda littafi ke cewa "rigar", bar masa abinsa.

Za ka tarar gida biyu kowa na cewa kakansa ne ya fara sara wurin. Ba alƙali aka naɗa ka ba. Rubuta duka biyun, kowanne da sunan wanda ya faɗa da wanda shi ya ji daga bakinsa. Ka riƙa bambanta "na gani" da "an ce".

Takardu, hotuna da gine-gine

In an yarda da kai, wata rana za a jawo adaka daga ƙarƙashin gado. Ciki za ka ga gafaka ta bushe ta yi tauri, takardun ajami sun yi ja, gefensu gara ta yi musu ado, ga rasit na haraji, ga takardar rabon gado, ga hoton sitidiyo na wani saurayi da keke. Kada ka nemi a ba ka aro, daga nan ake ɓatawa. Ɗauki hoto a wurin, cikin inuwa mai haske, ba tare da fitilar waya ba, shafi bayan shafi yadda ka same su a jere. Kada ka manna salatif, kada ka kai a liƙe da leda mai zafi, duk biyun kashe takarda suke yi. Shawarci masu adakar su ɗaga ta daga ƙasa saboda danshin damina. Hoto kuma, a tambayi su wane ne a ciki tun akwai mai gane su, a rubuta a baya da fensir.

Duba ƙarshen rubutun ajami, sau da yawa marubuci kan sa shekarar Hijira, wani lokaci da ramzi, wato haruffa a madadin lambobi, wanda sai ka nemi malami ya warware maka. In ka samu shekarar, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1350 za ta ba ka wajajen 1931.

Gine-ginen ƙasa ba sa jira. Masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, wani ɓangarensa ya rufta a Agustan 2023 ana cikin salla, har aka rasa rayuka. In wannan ya samu ginin da duniya ta sani, ina ga soron gidanku? Ɗauki hoton zaure ciki da waje, da bakan gizon da ke riƙe da rufin, da zanen bango, da ragowar ganuwa in tana kusa da ku.

Ka gwada da abin da ke rubuce

Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna na da rahotannin gundumomi na zamanin Turawa, Gidan Arewa ma yana Kaduna, ga kuma Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ka nemi tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a nan Zariya a 1939. Sai dai ka tuna Bature ta bakin tafinta ya ji, kuma haraji ne ya kai shi ƙauyen. Don takarda ta saɓa wa tsoho ba shi ke nuna tsohon ne ya yi kuskure ba.

Ajiya da yaɗawa

Waya takan faɗa ruwa, akan kuma sace ta. Kowace murya da hoto su zauna wuri uku: kwamfuta ko katin ajiya, Google Drive, da hannun wani amintacce a wani gida daban. Sunan kowane fayil ya ƙunshi shekara da unguwa da mai magana. In za ka tura hoton takarda ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai dusashe har rubutun ya ƙi karantuwa.

Kafin ka sa komai a Facebook, masu abu su fara ji. Kai wa iyalin kowane dattijo muryarsa. Akwai kuma abin da ba naka ba ne ka fallasa: asalin bauta na gidajen da suka fito daga rinji, tsohuwar rigimar sarauta, iyakar gona da har yanzu ake ja a kai. Irin wannan ka adana, kada ka watsa sai da yardar waɗanda abin ya shafa.

Sauran kuwa ka sake shi ta hanyar da mutanenku suka saba. Guntun murya na minti uku ya fi dogon rubutu tafiya a zaurukan WhatsApp na 'yan unguwa. Malamin firamare zai iya kai ɗalibai su ga rijiyar da karofin da idonsu. In kun haɗa kuɗi, ku buga ɗan littafi da Hausa ku ajiye a makaranta da masallaci da gidan mai unguwa. Ranar da za a karanta shi a zaure, ka zo da wayarka a cike da caji, don lalle wani zai ɗaga hannu ya ce ba haka aka yi ba. Nemi izininsa, ka faɗi kwanan wata, ka kunna.