Kurakuran da ke kashe gem tun bai fita daga ɗakin mai haɗa shi ba

A cikin samarin Katsina da suka taɓa zuwa wurina da zancen haɗa wasan bidiyo, da wuya ka sami wanda bai fara da Bayajidda ba. "Yaya, so nake mutum ya taso daga Bagadaza a kan doki, ya ratsa Borno, ya tsaya Gaya maƙera su ƙera masa wuƙa, ya shigo Daura da dare, kuma a iya bugawa da abokai ta intanet." Sai in tambaye shi su nawa ne a aikin. Shi kaɗai ne, da laftof ɗin da batirinta ba ya kai awa ɗaya.

Wannan ɗaukar Dala ba gammo ita ce babbar cutar, sauran duk 'ya'yanta ne. Manyan wasanni irin su GTA da yaro ke kallo yana sha'awa, ɗaruruwan ma'aikata ne ke shafe shekaru a kansu da kuɗin kamfani. Za a ce ai Eric Barone shi kaɗai ya yi Stardew Valley, zane da kiɗa da rubutun manhaja duka. Gaskiya ne. Amma ya ci kimanin shekara huɗu da rabi kafin ya fitar da shi a 2016, yana da digiri a ilimin kwamfuta, kuma a Amurka yake, inda ba a ɗauke masa wuta yana tsakiyar aiki. Daisuke Amaya na Japan ma shekara biyar ya yi a kan Cave Story kafin ya sake shi a 2004.

Gyaran shi ne ka yanke, ka sake yankewa har sai ka ji zafi. Daga duk labarin Bayajidda ka ɗauki rijiyar Kusugu kawai. Fuska ɗaya: ga rijiya, ga guga, ga macijiya da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Mai wasa yana zura guga in ta lafa, yana janyewa in ta ɗago kai. Ka haɗa wannan da murabba'i da da'ira, ba zane ba kiɗa, cikin mako biyu. In ya yi daɗi a haka, to kana da abin ginawa a kai. In kuwa bai yi ba, zanen doki mai kwalliyar hawan sallah ba zai cece shi ba. Flappy Bird da Dong Nguyen na Biyetnam ya fitar a 2013 taɓawa ɗaya ce tak, amma ta hana duniya barci. Ni da za a bi tawa, da dara kowa zai fara: gurbi 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, dokokinta kuma dattawan bakin kasuwa sun riga sun tace maka su. Ka fara da mutum biyu a waya ɗaya. Zancen bugawa ta intanet ka ajiye shi gefe tukuna, don yana buƙatar saba, wato kwamfutar intanet da ke haɗa 'yan wasa, wadda za ka riƙa biya duk wata.

Akwai kuma masu yawon injina, wato manhajojin da ake haɗa wasa da su. Wannan watan Unity, wata mai zuwa Unreal, sai kuma a ji wani a YouTube ya yabi Godot a koma can. Shekara ta zagayo, an kalli darasi ɗari, ba a gama komai ba. Ka zaɓi ɗaya daidai ƙarfin na'urarka. Godot kyauta ne, ba shi da nauyi, tsohuwar laftof na ɗaukarsa. GDevelop ba ya tilasta maka rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta. Toby Fox da GameMaker ya yi Undertale a 2015, kuma ban taɓa jin wanda ya ƙi wasan saboda injinsa ba.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne a gina wasa a kwamfuta wata shida ba a taɓa sa shi a waya ba. Mutanen da za su buga abinka a Ƙofar Ƙaura ko Sabuwar Unguwa, yawancinsu Itel ce ko Tecno ko Infinix a hannunsu, wata RAM ɗinta bai wuce giga biyu ba, ma'adanarta kuma cike take da bidiyon WhatsApp. Abin da ke gudu sumul a laftof, a can sai ya riƙa sarƙewa, waya ta ɗau zafi, caji ya zube. Tun makon farko ka nemi waya mafi rauni a gidanku, ko ta Inna ce, ka mai da ita ma'auni. Ka rage girman hotuna, ka matse sauti. Duk megabayit ɗin da ka ƙara, kuɗin datar wani ne. Ka tabbata wasan na tashi ba intanet, domin a nan ta Xender abu ke yawo daga hannu zuwa hannu. Sannan ka tuna babban yatsa yana rufe abin da ke ƙarƙashinsa: madannai su yi girma, su zauna a gefe. Ka fita da wayar tsakar gida da azahar ka ga ko rubutun na karantuwa a rana.

Rubutun ma akwai magana. Da yawa suna yin wasan da Turanci wai don ya shiga duniya, alhali a can suna gogayya ne da dubban wasanni, a Hausa kuwa filin kusan fayau yake. Waɗanda suka yi ƙoƙarin sa Hausar kuma sai su faɗa wani ramin: su zaɓi salon haruffa mai ƙyalli wanda babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikinsa. A waya sai ka ga ɗan akwati a inda harafin ya kamata ya fito, ko mai haɗa wasan ya gaji ya cire lanƙwasar gaba ɗaya. To "ƙofa" dai ko an rubuta "kofa" za a gane, amma "ɓata" da "bata", ko "ƙasa" da "kasa", ba abu ɗaya ba ne. Kafin ka amince da kowane salon haruffa, ka rubuta "ƙanƙara ta ɓarke a ɗaki" da manya da ƙanana ka gani. Noto Sans na Google yana da su duka, kuma kyauta ne. Kada kuma ka watsa kalmomin wasan cikin kod nan da can. Ka tara su a fayil ɗaya, ranar da za ka ƙara Turanci ko Faransanci don 'yan'uwanmu na Maraɗi, aikin yini ɗaya ne. Fassarar inji kuwa, wadda za ta ce maka "wasa a kan" a maimakon "wasa ya ƙare", ka bar ta inda ka gan ta.

Sai ɓoyo. Yaro zai shekara yana aiki, ko abokinsa na kusa bai gani ba, wai kada a sace masa fikira. Wa zai sata? Fikira ita ce mafi arha a wannan sana'a, gamawa ce ke da tsada. Gwano ba ya jin warin jikinsa: kai da ka gina mataki na uku ka san inda ake tsalle, shi ya sa kake ganin yana da sauƙi. Ka kai wayar majalisa bayan la'asar, ka miƙa wa wanda bai taɓa gani ba, ka kama bakinka. Kada ka ce "danna nan". Inda ya tsaya yana juya waya, nan gyara yake. In ya miƙo maka bayan minti ɗaya ya ce "ya yi kyau, Allah ya taimaka", kara ce kawai irin tamu ta Katsinawa, wasan bai kama shi ba. Wanda ya ƙi sakin wayar har ka ce za ka tafi, shi ne ya ba ka amsa. Yara 'yan firamare sun fi kowa amfani a nan, su ba su san kara ba.

Ajiyar kwafi ba sai na tsawaita ba. Na taɓa rasa aikin wata huɗu a dare ɗaya, da aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙona min na'ura. Ka koyi Git, manhajar da ke adana duk canjin da ka yi wa aikinka, ka riƙa tura aikin shafin ajiya na GitHub duk ranar da ka taɓa shi. In ya yi maka wuya yanzu, to ko filas da Google Drive.

Kayan mutane ma a kiyaye. Ɗauko waƙar wani mawaƙi ko hoton Mario ka cusa a wasanka na iya sa a sauke shi daga kasuwar manhaja da zarar mai abu ya kai ƙara. Shafin Kenney na ba da zane da sauti kyauta ba sharaɗi. Abin da ya fi wannan, ka sami mai kalangu ko mai gurmi, ka biya shi, ka naɗi minti biyu a ɗaki mai shiru, ku rubuta a takarda cewa ya yarda a sa a wasa. Takardar nan ku yi irinta tsakaninku in ku biyu ne ko uku: wa ke zane, wa ke kod, kashi nawa kowa zai ɗauka, me zai faru in ɗaya ya tafi bautar ƙasa ya bar aikin. Tun babu ko sisi ake yin ta.

Kuɗin kuwa, kowa ya ji Microsoft ta sayi kamfanin Minecraft dala biliyan 2.5 a 2014, amma kada ka bar makaranta ko shago saboda wannan labari. Talla a cikin wasa kan biya kaɗan ƙwarai in masu bugawa a Najeriya suke, kuma in ka cika ta, goge wasan za a yi. Ka fara ɗorawa a shafin wasanni na itch.io, ba a biyan komai. Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, na karɓar dala 100 a kan kowane wasa, sannan ta ɗauki kashi 30 cikin ɗari na ciniki. Google Play dala 25 ce sau ɗaya, sai dai sabon asusun mutum ɗaya dole ya yi gwajin rufe, wato na waɗanda ka gayyata kaɗai, da aƙalla mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya fito fili, don haka 'yan majalisar nan ka karɓi adireshin Gmail ɗinsu tun da wuri. Fayil ɗin makullin da kake sa wa manhajar hannu da shi kuma, ka adana shi wuri biyu tare da kalmar sirrinsa. In ya ɓace, duk wanda ya karɓi wasan ta Xender ba zai iya ɗora sabon a kan tsohon ba, sai ya goge, makinsa duka su tafi.