Yadda Ake Gina Ma'aunin Manyan Kamfanoni a Kasuwar Hannun Jari

Lambar nan da ake karantowa a labarai, a ce FTSE 100 ya hau ko S&P 500 ya sauka, lissafi ne da kai ma za ka iya yi a Excel. Na sha ganin masu koyo sun gina nasu, ya yi ta tafiya lafiya lau, sai ya wargaje a wuri ɗaya tak. A nan za mu daɗe.

Ka fara rubuta ƙa'idar shiga da fita kafin ka zaɓi kamfani ko ɗaya. FTSE 100 na Landan ana duba jerinsa duk wata uku: kamfanin da ya kai matsayi na 90 ko sama a girman daraja ya shiga, wanda ya zame zuwa na 111 ko ƙasa ya fita. S&P 500 na Amurka kwamiti ne ke zaɓa masa. Tsarin Landan za ka bi, domin ba ya barin ƙofar son rai.

Sai nauyin kowane kamfani. Ka ninka farashin hannun jari ɗaya da adadin waɗanda ke yawo a kasuwa kaɗai, ka cire na gwamnati da na iyalan da suka kafa kamfanin. S&P ya koma wannan tsari a 2005. Ma'aunin Dow Jones na Amurka, mai kamfanoni 30, da farashi zalla yake aunawa tun 1896. Kada ka kwaikwaye shi.

Yanzu ga ramin da ake faɗawa: adadin rabawa, wato lambar da ake raba jimlar darajar kamfanoni da ita a sami makin ma'auni. A ce kamfanoninka uku darajarsu dala biliyan 5, biliyan 3 da biliyan 2, jimla biliyan 10. Kana son farawa daga maki 1,000, kamar yadda FTSE 100 ya fara a 1984, to adadin rabawarka miliyan 10 ke nan. Washegari jimlar ta kai biliyan 10.2, ma'auni ya zama 1,020. Madalla.

Sai ka fitar da mai biliyan 2, ka shigo da sabo mai biliyan 5. Jimla ta koma biliyan 13.2. Mai koyo sai ya raba da tsohon adadi, ya ga 1,320, ya yi ta murna kasuwa ta hau, alhali ko sisi babu wanda ya ci. Abin yi shi ne bayan an tashi kasuwa ka raba biliyan 13.2 da 1,020, ka sami kusan miliyan 12.94. Shi ne sabon adadin rabawarka, ma'auni ya kwana inda yake. Haka za ka yi duk ranar da kamfani ya fitar da sababbin hannayen jari ko ya saye nasa. Ka ajiye kwanan wata da dalilin kowane gyara a shafi na daban, in ba haka ba wata shida masu zuwa ba za ka gane aikinka ba. Tsaga hannun jari, wato a mayar da kowane ɗaya ya zama da yawa masu ƙaramin farashi, irin wanda Apple ya yi gida huɗu a 2020, ba ya taɓa wannan lissafi, tunda darajar kamfanin ba ta canza ba.

Kada ka ɓata kuɗi kan farashin minti-minti, na rufe kasuwa ya ishe ka, kuma kyauta ake samunsa a intanet.

Ribar da ake raba wa masu hannun jari kuwa, ka yanke tun farko ko za ka saka ta. DAX na Jamus yana sakawa, lambar S&P 500 da ake faɗa a labarai ba ta ciki, don haka kada ka jera su kai tsaye.